Yadda ake bin salsalar kalma: misali da wringan, tsohon aikatau na murɗawa da matsewa

Duk wanda ya taɓa wanki ya san aikin: a kama jiƙaƙƙen zane da hannu biyu, hannun dama ya juya gaba, na hagu ya juya baya, zanen ya ƙudundune, ruwa ya tsiyaye. Murɗawa ce da matsewa a haɗe. Turanci yana da kalma ɗaya ta wannan aiki, wring, Holanci kuma wringen. Masana tarihin harshe sun mayar da su duka biyun ga wani aikatau da ba wanda ya taɓa ganinsa a rubuce, *wringaną, na harshen da ake kira Jamanik na asali. Shi ne uwar Turanci da Jamusanci da Holanci da Gotik da harsunan Sikandinebiya, kuma an yi magana da shi a kudancin Sikandinebiya da arewacin Jamus ta yau a ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tauraron da ke gaban kalmar yana nufin gina ta aka yi daga shaidu, ba a takarda ko jikin dutse aka tsince ta ba.

Ginin yana da tsari, kuma ɗalibin da ya bi shi sau ɗaya da wannan kalma zai iya bin sa da wata. Ƙa'idar da ke riƙe da aikin duka ita ce: kamannin kalmomi biyu ba hujja ba ne, sai an nuna cewa kowane baƙi da kowane wasali ya sauya bisa wata doka da ake gani a wasu kalmomin harshen.

Tanadi takarda mai ginshiƙai biyar: harshe, kalma, ma'ana, ƙarnin da aka fara ganinta, da inda ka samo ta. Na tsohon Turanci, ƙamus ɗin Bosworth da Toller yana intanet kyauta. Na Jamusanci akwai na Kluge. Na Jamanik na asali, wanda Guus Kroonen ya fitar a 2013 shi ne aka fi komawa gare shi yanzu. Na Pokorny na 1959 yana da tarin kalmomi masu amfani, amma ka yi hattara da shi, don ya zuba kusan duk abin da ya fara da wr kuma ya shafi juyawa a ƙarƙashin saiwa ɗaya, *wer-, ko da baƙaƙen ƙarshe ba su dace da juna ba. Wajen bincike ka duba ƙarƙashin wri- da kuma wre-, saboda wasu marubuta suna rubuta *wring-, wasu *wreng-. Dalilin zai zo a gaba.

Fara da mafi tsufa

Kada ka kwatanta Turancin yau da Jamusancin yau. Kowane harshe ka koma da shi ga tsohuwar siffarsa tukuna, kuma idan aikatau ne ka rubuta siffofinsa huɗu, ba ɗaya ba: na asali, na shuɗaɗɗen lokaci tilo, na shuɗaɗɗen lokaci jam'i, da siffar abin da aka yi wa aikin.

Tsohon Turanci, na kafin shekarar 1100, yana da wringan, wrang, wrungon, gewrungen. Yana kuma da wīnwringe, wato matsewar inabi, abin da ke nuna tun a lokacin ma'anar matse ruwa daga abu ta zauna. Holanci na yau yana da wringen, wrong, gewrongen. Jamusancin arewa, na bakin teku, shi ma wringen yake cewa. Tsohon Jamusancin kudu, na yankin tsaunuka, wanda daidaitaccen Jamusanci ya fito daga gare shi, yana da ringan, rang, rungun, girungan, da ma'anar kokawa ko fafutika. Shi ne ringen na yau.

Nan ne tambaya ta farko: ina w ta tafi a ringan? Ba ka da ikon cewa ta faɗi kawai sai ka kawo wasu kalmomin da ta faɗi a cikinsu a wuri iri ɗaya. Ka nemi aƙalla uku. Tsohon Turanci wrītan, asalin write, takwararsa a Jamusancin kudu rīzan ce, wato reißen na yau. Tsohon Turanci wrecan da Gotik wrikan sun dace da rehhan, wato rächen, ɗaukar fansa. Tsohon Turanci wrīþan, nannaɗewa, ya dace da rīdan. Sau uku a jere wr ta zama r. Doka ce ke nan, kuma ringan ya shiga layi.

Wannan dokar tana warware wani abu da ke rikita masu koyon Jamusanci. A yau harshen yana da ringen, kokawa, yana kuma da wringen, matse tufafi. Tun da Jamusancin kudu ya zubar da w tun da wuri, kalmomin da suka fara da wr a daidaitaccen harshe aro ne, galibi daga arewa. Kalma ɗaya ce ta shigo ta ƙofa biyu. Kuma tsohuwar ma'anar ba ta bar ringen gaba ɗaya ba: Bajamushe yana cewa die Hände ringen idan mutum yana murza hannuwansa don tashin hankali, daidai da yadda Bature ke amfani da wring a wannan wuri.

Yanzu ka lura da giɓin da ke cikin takardarka. Duk waɗannan harsuna na reshen yamma ne. Jamanik rassa uku ne da shi, yamma da arewa da gabas, kuma kalmar da aka samu a reshe ɗaya kaɗai tana iya zama sabuwar ƙirƙira ta wannan reshen. Kafin ka ce ta uwa ce sai ka leƙa sauran biyun.

Gabas Gotik ne. Kusan duk abin da ya rage na harshen fassarar Baibul ce da Wulfila ya yi a ƙarni na 4, wadda kwafe-kwafenta na ƙarni na 6 suka iso mana. Aikatau ɗin kansa bai fito a ciki ba, amma a wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 2 aya 26, akwai suna wruggo, tarko, inda ake maganar kuɓuta daga tarkon Shaiɗan. Wanda bai san rubutun Gotik ba zai wuce ta, don bai ga n ba. Gotik ya bi al'adar Girkanci ta rubuta gg a furta ng: tuggo harshe ne, takwarar tongue, briggan kuma takwarar bring. Don haka wruggo furucinta wrungo. Tarkon igiya abu ne da ake murɗawa, kuma yana shaƙe abin da ya kama.

Arewa tsohon harshen Nos ne, na Baikin, wato mutanen Sikandinebiya na da masu yawo da kai hari ta teku. Can akwai sifa rangr, karkatacce, wanda ba daidai ba. Shi ma w ɗinsa ta faɗi a yammacin yankin, shi ya sa Aislan ke cewa rangur har yau, amma gabashin yankin ya riƙe ta: Danmak vrang, Suwidin vrång. A Danmak vrangen ita ce bayan tufa, fuskar da ɗinki ke bayyana, a Nowe kuma vrenge shi ne juya riga ciki ya koma waje.

Ware waɗanda ba 'yan gida ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa wring da ring, zobe. A Turancin yau furucinsu ɗaya, a Jamusanci ma Ring da ringen suna kama da uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ma'ana tana ruɗi, tun da zobe abu ne lanƙwasasshe. Tsofaffin siffofi ne ke raba gardama. Zobe a tsohon Turanci hring ne, a tsohon Nos hringr, a farkon Jamusancin kudu ma hring. Da h ya fara, ba da w ba. Turanci ya zubar da h ɗin hr tun tsakiyar zamani, ya daina furta w ɗin wr wajen ƙarni na 17 ko da yake ya bar ta a rubutu, sai kalmomi biyu da ba su da alaƙa suka haɗu a baki. A wasu kare-karen harshen arewa maso gabashin Sikotlan an ci gaba da furta wr kamar vr, suna cewa vrang, kamar yadda Holanci ke furta wringen da v a farko.

Na biyu ya fi wuyar yankewa: wrench, daga tsohon Turanci wrencan, da takwararsa ta Jamusanci renken da ke cikin verrenken, gocewar ƙashi. Farkon ya dace, ma'ana ta dace, amma ƙarshen saiwar k ne, *wrank-. A dokokin da za mu zo gare su, k da g na Jamanik ba daga baƙi ɗaya suke fitowa kai tsaye ba. Ka ajiye shi a gefe da rubutun "maƙwabci, sai an yi bayanin k". Kada ka jefar da shi, kada kuma ka lissafa shi cikin shaidu.

Kunnen Bahaushe zai iya jin wrung ya tuna runguma, wadda ita ma matsewa ce. Hausa ta dangin Cadi ce a cikin Afro-Asiya, ba ta da dokar sauti ko ɗaya da ke haɗa ta da Jamanik, don haka wannan karo ne kawai.

Sai kalmar aro. Turanci wrong, wato ba daidai ba, ba gadon gida ba ne kai tsaye. Ta bayyana ne a ƙarshen zamanin tsohon Turanci a siffar wrang, bayan Baikin sun zauna a gabashi da arewacin Ingila daga ƙarni na 9, kuma kafin nan Turawa wōh da unriht suke cewa. Daga bakin 'yan Sikandinebiya aka karɓe ta, a siffar da w ba ta faɗi ba. Sauyin a zuwa o na cikin gida ne, irin na lang da ya zama long da strang da ya zama strong, shi ya sa Sikotlan, inda sauyin bai kai ba, take da wrang da lang. Amfanin wannan ga takardarka: wrong shaida ce ta reshen arewa, kada ka ƙirga ta sau biyu.

Wasula su ne mafi ƙarfin hujja

Duba wasulan siffofi huɗun nan na wringan kuma: i, a, u, u. Wannan jeri ba na wringan kaɗai ba ne. Shi ne na singan, sang, sungon, gesungen, da na bindan, band, bundon, gebunden. Masana suna kiran su aikatau masu ƙarfi aji na 3, waɗanda ke nuna lokaci ta sauya wasalin ciki. Wanda ya yi karatun sarfu ba zai ga abin baƙo ba, baƙaƙen saiwa suna tsaye, wasula suna juyawa.

Jerin gado ne daga kakar harsunan Indo-Turai, babban dangin da ya haɗa Jamanik da Latin da Girkanci da wasu, inda saiwa ke fitowa a matakai uku: da e, da o, ko ba wasali sam. A Jamanik e da baƙi ɗan hanci irin n da wani baƙi ke biye da ita ta koma i, gajeriyar o ta koma a, inda kuma babu wasali sai n ta haifi un. Saboda haka *wreng-, *wrong-, *wrng- suka zama wring-, wrang-, wrung-.

Cewa i ɗin nan e ce a da, akwai shaida daga waje. Harshen Finlan ba na Indo-Turai ba ne, amma ya ari kalmomi daga Jamanik tun da daɗewa ya adana su kusan yadda ya karɓa. Zobe a harshen rengas ne, da e, daga *hrengaz, kafin sauyin ya auku. Wannan ne ya sa wasu ƙamusoshi suke rubuta *wreng-: suna nuna matakin da ya gabaci sauyin ne, ba saɓani ba ne.

Yanzu ka mayar da 'yan gabas da arewa cikin jerin. Gotik wruggo tana kan mataki na uku, wrung-. Nos rangr yana kan na biyu, wrang-. Holanci ya ƙara biyu: wrang, abu mai bauri da ke yamutsa baki, da wrongel, daskararriyar madarar da ake matsewa a yi cuku. Samun sunaye da sifofi da suka zauna daidai kan matakan aikatau mai ƙarfi, a rassa uku da suka rabu tun da daɗewa, alama ce cewa aikatau ɗin yana nan kafin rabuwar. Da wannan ne kake da ikon rubuta *wringaną a matsayin kalmar uwa. Ɗafa-ƙeyar -aną ita ce ta siffar asali ta aikatau, wadda ta zama -an a tsohon Turanci da Gotik, -en a Jamusanci, -a a Nos, ta ɓace a Turancin yau. Ƙugiyar da ke ƙarƙashin a tana nuna wasalin ta hanci ake fitar da shi.

Ma'ana ba ta da dokoki irin na sauti, don haka abin da ake nema a nan shi ne misalin irin tafiyar a wani wuri. Daga murɗaɗɗe zuwa ba daidai ba hanya ce da harsuna da yawa suka bi: Faransanci tort, laifi, daga Latin tortus ne, murɗaɗɗe. Wōh ɗin da wrong ta kora ita ma asalinta karkatacce ne. Mu ma da muka ce an yi murɗiya ba igiya muke nufi ba. Daga murɗawa zuwa kokawa kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Idan ma'anar da kake son haɗawa ba ta da irin wannan abokin tafiya ko ɗaya, ka koma ka sake duba sautin.

Inda hanya ta rabu uku

Har zuwa nan ƙasa mai ƙarfi ake takawa. Wanda ke son wucewa bayan Jamanik zuwa kakar Indo-Turai sai ya amsa tambaya ɗaya: daga ina g ɗin wring- ta fito?

Dokar da Rasmus Rask ya fara hangowa a 1818, Jacob Grimm ya tsara ta a 1822, ta ce tsohuwar *k ta zama h, kamar Latin cornu da Turanci horn. *G ta zama k, kamar Latin ager da Gotik akrs. *Gʰ mai fitar iska kuma ta zama g, kamar Latin hostis da Gotik gasts. A bisa wannan, g ɗinmu *gʰ ce. Amma kakar tana da *gʰ bahanɗiya, da ake furtawa a can bayan baki, da kuma *ǵʰ baganɗiya, da ake furtawa kusa da gaba, kuma Jamanik ya haɗe su wuri ɗaya. Harsunan Baltik, irin na Lituweniya, da na Silabik, irin na Folan da Rasha, su ne suka raba su: baganɗiyar ta zama ž a Lituweniya, z a Silabik. Misalin gwaji shi ne *weǵʰ-, ɗaukar kaya, wanda ya ba da tsohon Turanci wegan, Latin vehere, da Lituweniya vežti.

Hanya ta farko ita ce baganɗiyar. Lituweniya tana da veržti, ɗaurewa tamau, Folan tana da powróz, igiya. Waɗannan sun dace da *werǵʰ-, kuma Jamanik yana da ɗan wannan saiwa ba tare da n ba: tsohon Turanci wyrgan, shaƙewa, Jamusanci würgen. Wyrgan ɗin nan shi ne worry na yau, wanda ya daɗe yana nufin kare ya cafki tunkiya a wuya ya girgiza, kafin daga baya sosai ya koma damuwar zuciya. Masu bin wannan hanya suna cewa wring- saiwar nan ce da aka cusa mata n a ciki. Ɗafa-cikin n sananne ne a Indo-Turai: Latin vincō da vīcī, Turanci stand da stood. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne r da wasalin sun sauya wuri, werg- a ɗaya, wreng- a ɗaya, kuma sai an bi ta matakin da ba wasali kafin a yi bayaninsa.

Hanya ta biyu bahanɗiyar ce. Lituweniya tana da rangytis, nannaɗewa irin ta maciji. Rashin w a farko ba matsala ba ne, don Baltik da Silabik suna zubar da w a gaban r a farkon kalma, dokar da ake jingina wa Evald Lidén. Kalmar tana da n ɗinta, ma'anarta kuma ta yi kusa. Sai dai g gare ta, ba ž ba. Idan ka ɗauki rangytis a matsayin takwara, *wrengʰ- za ka gina, kuma veržti ta fita daga lissafi kai tsaye. Rubuce-rubuce da yawa a intanet suna jera su biyun a layi ɗaya ba tare da sun ga karon ba.

Hanya ta uku ta fi ɓoyuwa. Karl Verner ya nuna a 1875 cewa h da ta fito daga *k takan zama g idan nauyin furuci na asali bai faɗa kan gaɓar da ta gabace ta ba. A aikatau mai ƙarfi, hakan na nufin siffofi biyu na farko su ɗauki h, biyun ƙarshe su ɗauki g, daga baya kuma harshe yakan baza ɗaya ta mamaye duka. Akwai misali mai kama da namu sosai: Gotik þreihan, matsawa cikin cunkoso, yana da h, amma tsohon Turanci þringan da Jamusanci dringen suna da ng, alhali aikatau ɗaya ne. Haka Gotik fāhan da Jamusanci fangen, kamawa. To ko wring- tana da ɗan'uwa mai h? Tsohon Nos yana da vrá ko rá, lungu ko kusurwa, Suwidin da Danmak vrå, wadda ta bar suna a garin Wray na Lankashaya a Ingila. Ana gina ta daga *wranhō, inda n ta narke a gaban h ta tsawaita wasalin, sannan h ɗin ma ta faɗi, kamar yadda *fanhaną ya zama fá a Nos. Idan kusurwa wurin lanƙwasa ce kuma 'yar gidan nan ce, to saiwar *wrenk- ce, g ɗin kuma aikin Verner ne.

A ganinmu, ɗalibi bai kamata ya zaɓi ɗaya ya ɓoye sauran ba, kuma bai kamata ya haɗa ukun ya kira su saiwa ɗaya don duk sun shafi juyawa ba. Kowace hanya tana karɓar wata takwara ta bar wata a waje, kuma sai ka faɗi wadda ka bari.

Wajen rubuta sakamako, ka raba shi hawa biyu. A na farko ka sa *wringaną, aikatau mai ƙarfi aji na 3, murɗawa da matsewa, ka jera tsohon Turanci wringan, Jamusancin arewa da Holanci wringen, tsohon Jamusancin kudu ringan, sannan Gotik wruggo da Nos rangr a matsayin 'ya'yan da ke kan matakin u da na a. Ka nuna wrong aro ce daga Nos, wringen na daidaitaccen Jamusanci kuma aro daga arewa. A hawa na biyu ka kawo *werǵʰ- tare da veržti da wyrgan, *wrengʰ- tare da rangytis, *wrenk- tare da vrá, kowace da sunan dokar da ta dogara a kai. Tauraro a gaban duk abin da aka gina, babu tauraro a gaban abin da aka gani a rubuce, kuma kowace tsohuwar kalma ka duba ta a ƙamus ɗin harshenta kafin ka kwafe ta daga wani.